Sunan Yankan Goggo

Daga Allah muka zo, wurinsa kuma za mu koma. Goggo ta riga mu a farkon daminar bana, bayan 'yar jinya a babban asibitin nan na Birnin Kudu. Da hantsi ta cika, kafin la'asar an kai ta makwancinta.

Zaurenmu bai ɗauki mutane ba, sai da aka shimfiɗa tabarmi har bakin hanya. Limamin unguwa ya ce shi tun da ya yi wayo da furfurarta ya san ta. Mahaucin bakin kasuwa ya zauna ya yi tagumi, ya ce yau ya rasa mai dawo masa da nama ta ce ƙashi ya yi yawa, wai kuma wannan faɗan shi zai fi kewa. 'Yan acaɓa suka zo a jere saboda randar ruwan da take ajiye musu a ƙofar gida lokacin zafi. Daga cikin gida ina jiyo wata mata tana kuka, tana cewa duk 'ya'yanta Goggo ce ta yi musu wankan farko. Kowa ya buɗe baki sai ya ce Goggo. Har wani tsoho da aka riƙo hannunsa, wanda da kaɗan ta girme shi, shi ma Goggo yake cewa.

Ana cikin haka ƙanena ya matso kusa da ni da waya a hannu. Shi aka ɗora wa rubuta sanarwar da za a kai gidan rediyo, a kuma tura wa danginmu na Kano.

"Yaya, wane suna zan sa?"

"Goggo mana."

"Na yanka nake nufi. Kowane gida akwai Goggo, wa zai gane?"

Na dubi Baffa, ƙanen mahaifinmu da suke uba ɗaya, wanda shi ne babba yanzu a gidan. Ya ce, "Ladi ce."

Na ce, "Baffa, Ladi ai ranar da aka haife ta ce. Sunan da aka yanka mata rago da shi fa?"

Baffa ya sosa ƙeya. Ya ce shi dai da Ladi ya ji manya suna ambatonta, shi ma a bayan idonta.

Na tashi na shiga cikin gida wurin Inna, mahaifiyarmu, wadda ta zauna da Goggo tun tana amarya. Na durƙusa na tambaye ta a hankali. Ta ja mayafi ta rufe baki, ta ce, "Wa zai tambayi sunan surukarsa? Ban tambaya ba, ba a gaya mini ba." Kuma gaskiyarta. Inna ko Ladin ba ta taɓa furtawa ba. Kai, ranar Lahadi ma ba ta kiran sunanta, sai dai ta ce washegarin Asabar. Mun tashi muna yi mata dariya a kan haka, ba mu taɓa tsayawa mun yi tunani ba.

Haka sanarwar ta fita: Malama Ladi, wadda aka fi sani da Goggo. Da na ji an karanta, kunya da haushi suka kama ni. Matar da ta raini gidan nan kaf, mun binne ta da sunan rana.

Ga wanda bai san ta ba, Goggo ƙanwar kakanmu ce. A Basirka aka haife ta, aka yi mata aure a Gwaram, Allah bai ba ta haihuwa ba, mijin kuma ya rasu tana da sauran ƙuruciya. Daidai lokacin ne mahaifiyar Babanmu ta rasu ta bar shi yana rarrafe, a nan Birnin Kudu inda kakanmu ya dawo da zama. Goggo ta zo gaisuwa da ɗan ƙullin kayanta, ta ga yaron yana bin ƙafafun mata yana neman uwarsa, ta ɗauke shi ta goya. Gaisuwar da ba ta koma ba ke nan. Manema sun zo, ta ce ita hannunta ba fili. Baba ya tashi yana ce mata Goggo, gari ya ɗauka, sunan ya bi ta har kabari.

Ba mai laushin baki ba ce, kada wani ya ce na yi mata ado don ta mutu. In ka yi mata shirme za ta wanke ka tas a gaban kowa, sannan ta turo maka dumame da man shanu. Ba ta cin abincin da ba ta ga lokacin da aka ɗora ba. Ba ta yarda a zubar da ruwan tsarin gero, tumaki ne da shi. Ni kuwa, da yake jika nake a wurinta, angonta nake. Duk sanda na shigo sai ta ce, "Ga angon da ba cefane. Yau ma hannu biyu ka shigo da su?" In na kawo goro ta ce ya bushe, in na kawo ɗanye ta ce so nake in ƙarasa mata haƙora in auro yarinya.

Akwai abin da Inna ta sha ba mu labari. Da aka haifi yayarmu, 'yar farin Baba, ya je ɗakin Goggo ya ce sunanta zai sa. Goggo ta ce ba ta yarda ba. Ta ce, "Ni ga ni, kullum kana ganina. Wadda ta haife ka fa? Ko kamanninta ba ka sani ba. Ita za ka sa." Baba ya ce to in an sake samun mace. Ta ce Allah ya kai mu. Daga nan Inna ta jero maza, ba a sake samun mace ba. Yayarmu ita ma ba ta haifi mace ba, ni ma da na yi aure maza na fara jerowa. Saboda haka duk zuriyar nan babu mai ɗauke da sunan Goggo, kuma da bakinta ta bayar da damar.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, Goggo ita ce ta san kowa. Ba ta wasa da lokacin sanarwar rasuwa a rediyo. Za ta ajiye abin da take yi, ta kara akwatin a kunne, kowa ya yi shiru ko ya sha faɗa. In aka karanta mamaci sai ta ce, "Allah ya jiƙan musulmi," sannan ta fara warware shi. "Wannan jikan marinin nan ne na bayan masallaci. Uwarsa da kakarka nono ɗaya suka sha. Gobe sai ka shirya ka je." Mutumin da ban taɓa jin labarinsa ba, sai in tsinci kaina a mota zuwa gaisuwarsa, in je kuma in tarar an san mu.

Bayan rasuwar Baba na ƙudura zan rubuta asalin gidanmu, don na ga manya suna ta zubewa. Na tattara abin da ke akwatinsa, tsofaffin rasiɗan haraji da takardun gona da kofen sanarwar rasuwar 'yan uwa da ya riƙa ajiyewa. Sannan na ɗauki biro na zauna a gaban Goggo. Nan na gane ruwan da na shiga. Ta san wa ya haifi wa, wa ya rasu shekarar da rumbu ya ƙone, wa ya rasu shekarar da aka kawo famfo. Amma suna, ko ɗaya. Ubanta shi ne Malam. Kakanta Malam Babba. Mijinta kuwa "mutumin Gwaram". Sauran su ne mai ɗakin kudu, da mai jan sa, da wanda ya yi gabas bai dawo ba.

Na ce, "Goggo, ba zan rubuta mai jan sa a takarda ba. Sunansa nake so."

Ta ce, "Wan ubana ne. Ka taɓa jin na kira shi?"

"Ai ya rasu tun ba a haifi Baba ba."

"Da ya rasu sai ya daina zama wan ubana?"

Raina ya ɓaci. Na ce wannan kunyar tasu ita za ta shafe mu, nan da 'yan shekaru ba wanda zai san daga inda muka fito. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Mutanen da ke kwance a ƙasa kake so in riƙa ƙwala wa kira kamar masu tallar gyaɗa? Tashi ka ba ni wuri." Ta daina amsa gaisuwata sai da ka. Goron da na aika ta dawo da shi. Har yau ban yarda ni ne mai laifi a wannan faɗan ba, amma ni na gaji na je na durƙusa.

Ranar da muka shirya na ce, cikin wasa, to tunda na matattu ya gagara, ta gaya mini nata. Wane ango ne bai san sunan amaryarsa ba? Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Me za ka yi da shi, miya?" Na ce 'ya zan sa wa. Sai ta ɗauki carbi tana murzawa. Can ta ce, "Ranar da Allah ya ba ka mace, ka zo. Ni zan gaya maka a kunne, kai ka gaya wa liman." Na san ba wasa take ba, don ba ta kalle ni ba da ta faɗa.

Tana kwance a asibiti aka yi wa maiɗakina hoton ciki, aka ce mace ce. Da saurina na je na sunkuya a kanta na ce, "Goggo, mace ce. Faɗa mini." Ta buɗe ido ta ce, "Hoto ba haihuwa ba ne. Bari ta zo." Na roƙa, na yi magiya. Ta juya fuska bango ta ce in je in sayo mata kunu. Wallahi har yanzu in na tuna sai in ji kamar in yi ihu. Kalma ɗaya ce fa. Numfashin da ta kashe a kan kunu ya ishe ta ta faɗa.

Da aka share makoki, cikin ya tsufa, ni kuma ba ni da sunan. Na ce ai ba a rasa shi a takarda ba. Duk ɗan Adam a zamanin nan ya bar suna a wani ofis.

Na fara da asibiti. Ma'aikacin ɗakin ajiyar kati ya yi mini kirki, ya nemo katinta da takardar shaidar rasuwa. A jiki an rubuta Goggo, sai sunan Babanmu a matsayin na biyu. Na ce wane irin aiki ne wannan, ya za a rubuta Goggo a takardar hukuma? Ya ce, "Malam, abin da wanda ya kawo ta ya faɗa shi muke rubutawa." Na duba wurin sa hannu. Hannuna ne. Na yi masa godiya na fita.

A gida na sa Inna ta buɗe kwallar Goggo. Katin zaɓe ya ce Ladi. Amma a ƙasa, cikin tsumma, ga katin ɗan ƙasa, kuma a jikinsa an rubuta Hauwa. Na fito tsakar gida ina cewa an samu, an samu. Ƙanena ya karɓa ya duba, sai ya fashe da dariya. Ashe shi ya kai ta yin katin a babur. Ya ce da ma'aikacin ya tambayi sunanta, layi cike da yara sa'o'in jikokinta, sai ta ce ba za ta tsaya a gabansu tana faɗar sunanta ba. Ma'aikacin ya ce dole a rubuta wani abu. Ta ce, "To rubuta na uwar kowa." Shi kuma ya rubuta Hauwa. Na karɓe katin na mayar cikin tsumman.

Daga nan na nufi sakatariya neman tsofaffin takardun haraji. Aka tura ni wannan ofis, aka ce mai makullin ya tafi ɗaurin aure. Na dawo, aka ce ya je sallah. Da na same shi, dattijo ne mai haƙuri, ya ce in ma an samu takardun ba za su yi mini amfani ba, don magidanta ake rubutawa, mata ba sa ciki. Rasiɗan da ke akwatin Baba ma haka suke. Da na tsaya na duba da kyau tun a gida, da na huta da zirga-zirga.

Sai wani abokina ya tuna mini da gado. Ya ce tunda mijinta ya rasu a Gwaram, in an raba gadonsa a gaban alƙali, dole sunan matarsa ya fito. Na hau mota sai Gwaram. Sunan mijin ma sai da na sha wuya kafin na samu, don ni "mutumin Gwaram" na sani. Wani jikan ɗan'uwansa mai shagon taki ne ya gaya mini, ya kuma haɗa ni da wanda ke kula da tsofaffin takardun shari'a. Muka shiga wani ɗaki mai warin jemage. Takardu a ɗaure da igiya, wasu gara ta ci gefensu, wasu ruwa ya manne su. Na je, na dawo, na sake komawa, ina atishawa ina buɗawa. Kuma abin mamaki, muka samu. Ga sunan mamacin da ajami, ga gonarsa, ga jakinsa, ga tukunyar ƙarfe. Ga 'yan'uwansa maza kowa da sunansa da na ubansa. Na bi layin da yatsa har ƙasa. A layin ƙarshe aka rubuta: matarsa, rubu'i.

Shi ke nan. Matarsa. An bayyana jakin, an ce baƙi ne mai tabo a kunne. Ita kuwa matarsa. Na zauna a kan wani buhun takardu na yi tsaki, na sake yin wani. Mai kula da ɗakin ya ce in yi haƙuri, haka ake yi a da, mutunta ta aka yi. Na ce na gode da wannan mutuncin, ya kashe ni.

Saura Basirka. Na hau babur daga Gwaram, hanya duk taɓo. Gidan da aka haife ta yanzu gonar masara ce. Mai unguwa ya tara mini tsofaffin da suka rage a gindin wata tsamiya. Ɗaya ya ce ya tuna Ladin gidan Malam, doguwa, mai faɗa. Na ce ita ce, sunanta na yanka fa? Ya ce ai shi yaro ne a lokacin. Aka kai ni wurin wata tsohuwa da aka ce tare suka yi 'yan mata. Ba ta ji sosai, sai an ɗaga murya. Ta ba ni suna, na rubuta da murna. Kafin in rufe biro ta ce a'a, wannan na yayar Goggo ne da ta rasu a goyo, ta ba ni wani. Da zan tafi ta kira ni ta ba ni na uku. Aka ce malamin da ya raɗa wa yaran garin suna a wancan zamani yana rubutawa a gefen littattafansa, amma jikansa ya kwashe littattafan ya tafi da su Kano, ba mai lambarsa. Na tambayi maƙabartar su Malam, aka nuna mini. Tudu-tudu ne cikin ciyawa, ba alamar komai, kamar yadda tamu ta nan take. Na yi musu addu'a a dunƙule na juyo.

A hanyar dawowa ruwa ya kama mu. Ina bayan babur a jiƙe ina yi wa Goggo faɗa a zuci. Kin kyauta ke nan? Kin san kowa, kin haɗa kowa da kowa, ke kuma kin zame. Ba ɗa, ba jika na cikinki, ba takwara, sunan ma kin tafi da abinki.

Ban daɗe da dawowa ba maiɗakina ta sauka. Mace, lafiyayya, mai dogayen yatsu. Mutane na yi mini barka ina amsawa da rabin baki. Baffa ya ce in sa Hauwa kawai, tunda shi ke katin hukuma. Inna ta aiko a gaya mini kowane suna na musulunci mai kyau ne, Goggo ba za ta yi fushi ba. Na ce ni zan yi. Na san in na sa wanda ba shi ba, duk ranar da na kalli yarinyar nan sai na tuna ƙarya na yi. Rago na ɗaure a tsakar gida, an sayo goro, suna na matsowa, ni kuma sunaye uku na tsohuwar Basirka nake juyawa kamar mai canki-canka.

Ana jibi suna, da yamma, wata maƙwabciyarmu ta dā ta zo. A gidan da ke jikin namu ta tashi, ƙawar yayarmu ce, aka yi mata aure a Kangire. Yaya Uwani muke ce mata. Ba ta samu zuwa makoki ba saboda jinyar mijinta, sai ta haɗa gaisuwa da barka. Na shiga ɗakin Inna muka gaisa, ta yi kukanta ta share hawaye, aka shiga tuna baya.

Ta ce, "Allah ya jiƙan Baba shi ma. Mutumin nan har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunana ba. Uwata, uwata. In ya sayo rake sai ya ba ni kafin ya ba ku. Ko ɓarna muka yi da yayarku, ita ke shan duka, ni sai ya ce uwata ba ta laifi. Daga bakinsa fa Uwani ta bi ni."

Na ce haka ne, na tuna. Hankalina na kan rago.

Ta ce, "Goggo kuwa, in ta faki ido ba kowa a tsakar gida, sai ta leƙo ta katanga ta ce, takwara, zo ki tsefe mini kai."

Na ɗago. Na ce, "Ta ce me?"

"Takwara. Amma fa sai in ba kowa. Ta ce in na faɗa wa yara za ta yanke mini kunne."

Na dubi Inna, Inna ta dube ni. Sunan mahaifiyar Baba mun san shi, shi ne na yayarmu, kuma da sunansu ɗaya da ƙawarta da an sani. Ashe uwar da Baba yake nufi ita ce wadda ta goya shi. Shekara da shekaru yana faɗa a gabanmu, muna tsammanin wasa yake da 'yar maƙwabta.

Sai kuma wani abin ya faɗo mini, na ji kamar in nutse. Matar nan tare muka tashi, ta goya ni, na ci abinci a gidansu ba adadi. Na gyara zama na ce, "Yaya, don Allah kada ki yi mini dariya. Mene ne sunanki?"

Ta yi dariyar kuwa, har da riƙe ciki. Inna ta miƙe tsam ta fice daga ɗakin, don kada kunnenta ya ji. Yaya Uwani ta bari sai da labule ya daina motsi, sannan ta rage murya ta faɗa.

Suna ne da kowa ya sani. Akwai shi a kowace unguwa, na sha kiran sa a rajistar ajin da nake koyarwa. Ba ya cikin ukun da aka ba ni a Basirka. Na sha ƙurar takardu a Gwaram, na sha ruwan sama a hanyar Basirka, ashe yana Kangire yana jinyar miji.

Ranar suna da safe liman ya miƙo kunne ya ce, "Me aka sa mata?" Ni da na yi wata da watanni ina cika baki a kan kunyar mutanen da, sai na ji harshena ya yi nauyi. Na faɗa, ya ce bai ji ba. Na sake faɗa. Da aka sanar wa jama'a, Baffa ya sunkuyar da kai yana share ido da bakin rawani. Bayan kwana biyu na je ofishin rajistar haihuwa, na tsaya a kan ma'aikacin har ya rubuta, na karanta harafi-harafi kafin na karɓa.

Amma kun san me? Tun ranar sunan, kafin a sauke tukunyar rana, na ji Inna daga ɗaki tana cewa, "Ku miƙo mini Goggo in gani." Ƙannena suka ɗauka, yayyenta maza suka ɗauka. Na fito na ce ban yarda ba, yarinya tana da suna, a kira ta da shi, wahalar da na sha ba za ta tafi a banza ba. Inna ta ce, "To kira ta mu ji." Duk tsakar gida aka zuba mini ido. Na karɓi jaririyar, na dubi fuskarta, na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne Goggo. Aka yi ta dariya, ni kuwa haushin kaina ya hana ni cin abinci.

Ga shi a nan ma na zo wurin rubuta shi, biro ya tsaya. Ba zan sa ba. Yana takardar haihuwarta, yana wurin liman, kuma da ta fara gane magana ni zan koya mata shi da labarin mai shi, ba zan jira sai ta haifi mace ba. Yanzu dai abin da nake yi, in na faki ido ba kowa a ɗaki, sai in sunkuya in kira ta da shi a kunne. Takan buɗe ido ta harare ni.

Allah, ka san sunan baiwarka tun kafin a yanka mata rago. Ka yafe mata, ka haskaka kabarinta, ka saka mata goyon da ta yi wa maraya. Ranar da za a kira kowa, ka sa a kira ta da shi cikin masu rabo, ta amsa ba kunya.